Wankan Jegon Saratu da Kifin Argungu

Tun da na dawo daga Birnin Kebbi ban samu sakat ba. A ƙofar majami'a a tare ni, a kasuwa a tare ni, har wadda ba ta saba gaishe ni ba sai ta tsaya ta ce, "Mama Sista, yaya ƙasar Kabi?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, domin na lura kowace takan ƙara masa gishiri kafin ta miƙa wa ta gaba. Ran Lahadi ma na ji wai na yi dambe da uwar matar ɗana a bakin kogi. Ban yi ba. Saboda haka na ɗauki alƙalami domin in rubuta shi sau ɗaya, daki-daki, a karanta a zumuntar mata, a bar ni in huta.

Ga wadda ba ta san ni ba, na yi aikin ungozoma a asibitin mishan fiye da shekara talatin kafin in ajiye. A can aka koya mana cewa ƙarfe bakwai ƙarfe bakwai ne, zanen gado kuma ba a barinsa da tattara. Ɗana Istifanus yana koyarwa a Birnin Kebbi, matarsa Saratu kuwa ta haifi ɗansu na fari. Ban samu zuwa da wuri ba saboda ciwon gwiwa, sai da jaririn ya yi sati uku na kama hanya.

Na baro Pankshin da sassafe, na isa tashar Jos kafin lokacin da aka faɗa mini. Direba ya rantse ƙarfe bakwai za mu tashi. Ƙarfe tara da rabi muka tashi, bayan an sauke kaya an sāke ɗaurewa sau biyu domin a sama wa wani babur wuri a bayan mota. Da na tuna masa alkawarinsa, sai ya ce, "Mama, ai ba jirgi ba ne." Na ce ko jaki ne, in an ce bakwai a tashi bakwai. Fasinjoji suka yi dariya, ban ga abin dariya ba.

Daga Funtuwa zuwa gaba shingayen jami'an tsaro suka yawaita, kamar ƙasa muke ƙetarewa. A wani shinge aka buɗe jakata, wani jami'i ya zaro na'urar awon jinina ya ce mene ne wannan. Na yi masa bayani. Sai ya naɗe hannun riga ya ce in auna shi. Na auna, na ce masa ya rage gishiri ya kuma je asibiti. Kafin in mayar da na'urar, abokan aikinsa uku sun yi layi. Direban da ya ɓata mini awa biyu da rabi shi ne yake danna ham yana cewa ina ɓata masa lokaci.

A Gusau muka kwana, gama direbobi ba sa bin wannan hanya bayan la'asar. Matar wani fasto ta sauke ni a ɗakin baƙinsu, Ubangiji ya sāka mata. Zanen gadon dai na warware shi na sāke shimfiɗawa, amma sai da ta fita. Kashegari muka bi ta Sakkwato muka shiga ƙasar Kabi. Alama ta farko ita ce zafi. Mu da muke kwana da bargo, can iskar da take shigowa ta tagar mota kamar daga bakin murhu take fitowa. Ta biyu kuwa harshe: Hausa ce, amma sai ka kasa kunne. Wata mai fura ta leƙo ta ce mini, "Inna, mi kika so?" Na ce ruwa kawai. Ga fadamu shimfiɗe da shinkafa iyakar ganinka, abin da idon mutumin dutse bai saba da shi ba.

Gidan ɗana yana unguwar Badariya, ɗaki biyu da falo a cikin gidan haya. Tun daga ƙofa na ga hayaƙi. A tsakar gida ga wata ƙatuwar tukunya a kan wuta tana tafasa, ga tarin itace, ga damin ganyen darbejiya. Kusa da tukunyar wata gajeruwar mace ce mai ƙiba, ta ɗaure zane a ƙirji. Ita ce Talatu, uwar Saratu, 'yar kasuwar hatsi daga Zuru. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ranar biki, kuma ban manta muryarta ba.

Tana ganina ta ɗaga ludayi sama ta ce, "Sista ta iso! Jama'a, ku ɓoye gishiri!"

Na ce, "Sannu da aiki, Maman Saratu."

Ta ce, "Aiki kam mun yi shi, tun kafin masu takarda su zo."

Na shiga na ga jikana, yaro lafiyayye, na yi godiya ga Allah. Amma da na dubi uwarsa hankalina bai kwanta ba. Safe da yamma ana yi mata wanka da ruwan da ya tafasa, ana tsoma ganye ana fyaɗa mata. Bayan wanka a sa kaskon garwashi a ƙarƙashin gado, a rufe taga. Sannan a miƙo mata kwanon kunun kanwa, kanwar ma har tana ɗaci. 'Yan'uwa, na san da yawanku an yi muku haka kun tashi lafiya, ban musa ba. Amma ni na tsaya a kan matan da wannan zafi da wannan kanwa suka gajiyar da zuciyarsu, na kuma rufe idon waɗansunsu da hannuna. Saratu tana tari, tana haki in ta je bayan gida ta dawo, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai uku. Ƙafafunta sun kumbura. Da ta zauna shayar da yaro na danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Na san abin da nake gani. Tana bukatar likita, ba a mako mai zuwa ba.

Na yi abin da na iya. Na zauna na rubuta jadawali da kyakkyawan rubutu, da jan layi: lokacin abinci, lokacin hutu, ruwa mai ɗumi kawai, babu kanwa, asibiti ran Litinin. Na manna a bangon falo. Da yamma na iske babu shi. Na same shi a hannun Talatu tana fifita wuta da shi.

Na ce, "Maman Saratu, wannan takarda tawa ce."

Ta ce, "Ai kuwa tana da amfani, Sista. Kwalin yana da ƙarfi."

Batun asibiti kuwa ta ce mai jego ba ta taka ƙofar gida kafin arba'in, iska za ta shige ta. Kumburi kuma, in ji ta, alama ce jiki yana karɓar wanka. Na juya wurin ɗana. Istifanus, wanda na raina da hannuna, ya dubi ƙasa ya ce, "Mama, ku yi haƙuri da juna," ya ɗauki jakarsa ya tafi makaranta, ranar Asabar.

A makarantar mishan muna da wata malama da ta koya mana cewa in mutum ya ƙona maka rai, ka ambaci sunansa a gaban Ubangiji kafin ka ba shi amsa, gama da wuya ka zagi wanda ka gama yi wa addu'a. Na riƙe wannan tun ina yarinya. A kwana huɗun farko na ambaci sunan Talatu a addu'a fiye da sunan jikana. Ta zuba mini sukari a shayi bayan na ce ba na sha: Ubangiji, ga Talatu. Ta shanya zannuwanta a kan rigar da na goge: Ubangiji, ga Talatu kuma. Tana rera waƙar sujada da ƙarfi, tana sāke kalmomin yadda ta ga dama, baiti na uku kafin na biyu. Wannan ma na kai shi.

Amma a rana ta biyar na fāɗi, kuma dole in rubuta. Akwai maƙwabciyarsu, Hajiya Ige, dattijuwa mai kirki, wadda tun ranar haihuwa take aiko da tuwon shinkafa da miyar kuka. A nan na ga abin da ya burge ni: ba ta taɓa shigowa ba tare da ta gaida kowa ɗaya-ɗaya ba, har da tambayar gajiyar tafiyar da na yi kwana biyar da suka wuce. Ranar ta zo ta iske ana dama kunu, ta ce, "Awo, haka munka iske. A ƙara mata kanwa, ɗiyar ta yi ƙarfi." Talatu ta dube ni ta gefen ido ta ƙara dunƙule guda. Ban ambaci sunan kowa a gaban Ubangiji ba. Na miƙe na ce, "Wannan jahilci ne, kuma jahilci yana kisa."

Hajiya Ige ta tattara mayafinta ta yi sallama. Saratu ta fashe da kuka. Da na zo da na'urar awo da yamma, yarinyar da ba ta taɓa yi mini musu ba ta janye hannunta ta ce, "Mama, ki bari. Lafiyata ƙalau." Ta ɗauki kwanon kunun ta shanye a gabana. Na kunyata uwarta a gaban baƙuwa, ita kuma ta zaɓi uwarta, ko wace 'ya ce haka za ta yi. Gaskiyata tana nan daram, amma yanzu babu mai saurarenta, ƙafar kuma tana ƙara kumbura.

A daren na daɗe ina addu'a a kan gwiwoyina, masu ciwon nan. Abin da na gane ba mai daɗi ba ne. Na zo da abu biyu a jaka ɗaya, son ran Saratu da son a san ni ce na sani, kuma na biyun ne yake ta yi mini magana a kunne. Salamar da Ubangijinmu ya bari ba ta ce in yi shiru a bar yarinya ta mutu ba. Ba ta kuma ce sai na yi nasara a kan Talatu ba. Na yanke shawara: zan nemi gafara, zan gwada ta lalama kwana ɗaya tak. In rana ta fāɗi gobe ba a je asibiti ba, zan kira mota in ɗauke ta, ko da zumunci zai tsage.

Da safe na sami Talatu a bakin murhu na ce, "Maman Saratu, na yi miki laifi jiya. Ki gafarce ni."

Ta ci gaba da iza wuta. Can ta ce, "Na ji. Amma ki tuna jahila ce ta haifi matar ɗanki." Sannan ta ce za ta tafi Argungu sayen kifi, domin kifin Birnin Kebbi na ragwaye ne, mai jego kuwa sai farfesun kifin da aka kamo ranar. Na ce zan raka ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Da wannan takalmin?" Kafin mu tafi na shiga wurin Hajiya Ige na ba ta haƙuri ita ma. Ta ce, "Babu komi, Inna, zafin ɗiya na."

Motar Argungu ƙarama ce, mu huɗu a baya. Talatu ta zauna rabi a kan kujera rabi a kan cinyata. Ta sayi gyaɗa tana ɓarewa, ɓawon yana sauka a kan siket ɗina. Ta yi faɗa da direba a kan gudu, da ya rage ta yi faɗa da shi a kan nawa. Ta gaya wa fasinjoji duka cewa ni likita ce daga Jos wadda ta zo hana mutane cin gishiri. Wani dattijo ya juyo ya fara ba ni labarin ciwon bayansa. Ni dai ina kallon fadama ta taga, ina maimaitawa a zuci: Ubangiji, ga Talatu, ga ni kuma.

A hanya na tambaye ta, a hankali, me ya sa wankan nan yake da girma haka a wurinta. Na yi tsammanin za ta yi mini ba'a. Sai ta ce, "Sista, ke kina da takarda. Ni me zan ba ta? Ban iya karatu ba, ba ni da mota. Itacen nan da kaina na zaɓo shi. In na koma Zuru aka ce uwar Saratu ta je ta zauna ta bar 'yarta da sanyi a jiki, ina zan sa fuskata?" Ta watsa gyaɗa a baki ta ƙara da cewa, "Matsa, kin cika wuri."

Argungu gari ne na ruwa. A bakin kogi ga masunta da manyan goruna da taru, waɗansu suna fitowa, waɗansu suna gyaran komar kamun kifi a inuwa. Ƙarnin kifi kuwa sai wanda ya je. Mu a gida kifi busasshe muka sani, a ƙulle a leda. Nan ga shi tuli a kan tabarma yana walƙiya. Talatu ta shiga tsakanin masu sayarwa kamar sarauniya. Wani ya ɗago mata ƙatuwar ƙarfasa ya ce, "Inna, wagga yanzu anka kamo ta."

Ta sa babban yatsanta ta danna bayan kifin, ta ɗaga, ta duba. Wurin ya lotsa ya zauna. Ta ce, "Yanzu a gidanku! Ta kwana." Ta matsa gaba. Ta danna na biyu, ta ture. Na uku ta danna, naman ya taso nan take ya cike wurin. Ta ce, "Yawwa. Wannan mai lafiya ce."

Na tsaya kamar an dasa ni. Abin da na yi shekara talatin ina yi da yatsana a ɗakin haihuwa, shi take yi, kuma ta ƙware.

Na ce, "Maman Saratu, koya mini. Me kike dubawa?"

Ta ji daɗin tambayar ƙwarai. Ta kama yatsana ta danna a kan kifin da ta ƙi, ta ce, "Kin gani? Nama mai lafiya ba ya riƙe sawun yatsa. In ya riƙe, akwai magana. Ashe akwai abin da ba a koya muku a mishan ba."

Na ce, "Akwai da yawa. Ina roƙonki abu ɗaya. In mun koma gida, ki danna ƙaurin Saratu haka, da yatsanki, ba nawa ba. Abin da kika gani, ke za ki yanke hukunci. Ba zan ce uffan ba."

Fuskarta ta sāke. Ta ce, "'Yata kike haɗawa da kifi?" Ta faɗa da ƙarfi, har masunta suka juyo. Daga nan ne, ina tsammani, labarin dambe ya samo asali. Ta karɓi kifinta ta wuce gaba, na bi ta da takalmina cike da laka. Har muka iso Birnin Kebbi ba ta ce mini kome ba, gyaɗa ma ba ta ci ba. Ban taɓa zaton zan yi kewar ɓawon gyaɗa ba.

Mun iso da azahar. Na zauna a falo na buɗe littafin waƙoƙina, ban ga ko kalma ɗaya ba. Ina jin ta tana kankare kifi, tana buga tukwane fiye da kima. Lokaci yana tafiya, lambar mai mota tana cikin wayata. Can na ga ta wanke hannu ta shiga ɗakin Saratu ta saki labule. Sai na ji ta ce, "Miƙo ɗaya ƙafar."

Labulen ya buɗe da ƙarfi. "Istifanus! Kai Istifanus! Kana zaune kamar buhun gero matarka tana kumbura? Nemo mota! Hajiya! A zo a riƙe yaron nan!" Ta juyo kaina, idonta jawur. "Ke kuma, Sista, da duk takardunki, kwana shida kina gidan nan ba ki gani ba? Sai da ni jahila na duba?"

'Yan'uwa, a duk tafiyar nan babu tudun da ya kai wannan tsayi. Amsa tana bakina, a shirye, da kwanan wata da sa'a. Na dubi Saratu da ake fito da ita tana jingine a kafaɗar uwarta. Na ce, "Allah ya yi miki albarka da kika duba, Maman Saratu. Mu tafi."

Likita ya ce zuciyarta ta fara gajiya, ruwa ya taru, an kuma zo a kan kari. Ya kwantar da ita kwana shida, ya hana kanwa da gishiri da ruwan zafi da garwashi. Talatu ta gyaɗa kai ta ce masa, "Abin da nake ta faɗa musu ke nan." Da aka sallamo ta, Talatu ce ta ci gaba da yi mata wanka, da ruwa mai ɗumi, da ganyenta, tana gwada ruwan da gwiwar hannu kamar yadda na nuna mata, ko da yake ta ce tun kakarta haka ake yi. Kowace safiya ta danna ƙaurin 'yarta ta sanar da gida sakamako. Ran da aka miƙa yaro ga Ubangiji a majami'a Talatu ta tashi ta ba da shaida yadda Allah ya buɗe mata ido a gidan da ma'aikaciyar asibiti take zaune. Aka yi tāfi. Ni ma na tafa, ba da ƙarfi ba.

Kada wata ta ce mini Talatu ta sāke hali. Ba ta sāke ba, har ranar da na taho tana zuba mini sukari a shayi. Kada kuma a ce na zama waliyyiya. Ina sane da cewa a cikin rubutun nan ma akwai ɗan son a wanke ni, na kuma kai wannan gaban Ubangiji. Abin da zan iya shaidawa shi ne, tun ranar da na bar mata yabon na riƙe Saratu, barcina ya dawo, ko da tana rera baiti na uku kafin na biyu a bayan tagata.

Ta raka ni tasha, tana faɗa da mai ɗaukar kaya har muka isa. Da mota za ta tashi ta turo mini ƙunshi ta taga ta ce, "Busasshen kifin Argungu ne. Ki sa gishiri, Sista, ba zai kashe ki ba." Sai da na iso Pankshin na kwance shi. An naɗe kifin a cikin jadawalina, gefensa ya ƙone, mai ya ratsa jan layin. A ƙasa, inda na rubuta asibiti ran Litinin, akwai sawun babban yatsa na baƙin gawayi.

Kifin mun cinye. Takardar tana cikin littafin waƙoƙina, tana ƙarni. Wadda take so ta gani ta zo ran Alhamis, ƙarfe huɗu. Huɗu na ce.